Ingilishin yaranmu da doguwar hanyar da muke bi da shi

Daren Talatar da ta wuce wuta ta ɗauke tun bayan magariba, zafi kuwa kun san yadda shi ke a Tahoua, nan Nijar, cikin watan Afrilu, ko iska ta buso kamar daga bakin tanda take fitowa, sai munka fiddo tabarmi ƙofar zaure, na jingina ɗan tabulona, allon da nike rubutu bisa, da bango, yara biyu sunka riƙe mini tocilar salula. Mu goma ne har da ni. Ɗiyar yayata da ke turwaziyam, aji na huɗu na sakandare, wadda bana za ta yi jarrabawar birbe ta gama ƙaramar sakandare in Allah ya kai mu, ta miƙo mini kayenta, littafin rubutunta, ta ce Kawu duba mini dabuwar ɗin ga kafin gobe. Aikin gida ne, an ce su rubuta jimla biyar a kan danginsu. Ta farko daidai, ta biyu daidai, ta uku na ga ta rubuta "My uncle lives in Konni with her wife."

Na ce karanta. Ta karanta da ƙarfi ba ta ga komi ba. Na ce mi kike son ki ce nan? Ta ce mini "avec sa femme". Na ce a'a ɗiyata, bar Faransanci tukuna, faɗa mini kamar yadda za ki faɗa ma Inna. Ta ce Kawu shina zaune Ƙonni da matatai. Na ce matatai ko matatta? Duk yaran sunka fashe da dariya, ta ce haba Kawu, namiji ne fa, ina za a ce matatta. Na ce to shi ke nan kin gama, inda duk bakinki ya ce "nai" ko "tai" ki sa "his", inda ya ce "nta" ko "tta" ki sa "her", gidanai "his house", gidanta "her house", ba ruwanki da ko gida namiji ne ko mace, mai gidan za ki duba. Ta yi shiru tana kallon kayen, can ta ɗago ta ce yanzu Kawu wannan ne kawai? Tun siziyam nike faɗuwa wurin ga.

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai har na kwanta, shi ya sa na ce bari in rubuta. Shekara huɗu, tun siziyam ajin farko na sakandare, yarinya mai ƙwazo tana asarar maki a kan abin da ta iya tun tana goye, don kawai ba wanda ya taɓa ce mata ta tambayi Hausarta. A Faransanci "son" da "sa" suna bin abin da anka mallaka ne, mata mace ce sai a ce "sa femme", to yaro ya riƙe a kansa "sa" na mace ne, "her" ma na mace ne, sai ya haɗa su. Ingilishi kuwa mai abin yake bi, daidai da yadda Hausa ke yi.

Ni malamin Ingilishi ne, mushen Angile kamar yadda yara ke cewa, na yi karatuna a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, yanzu ina koyarwa a wata CEG, wato ƙaramar sakandare, nan cikin gari, da dare kuma sau uku a sati ina zama da yaran gidanmu da na maƙwabta, ba kuɗi ba komi, wanda ya samu ya kawo alli. Abin da zaman ga ya nuna mini, wanda ban gani sosai ba a cikin kilas, shi ne hanyar da magana ke bi cikin kan yaro kafin ta fito. Ku duba, yaro ya tashi da Hausa a gida, ko Tamajak ko Fulatanci ko Zabarmanci, ya shiga lakwal ya yi shekara 6 shina kokowa da Faransanci, ya zo siziyam a ɗora mishi Ingilishi, shekara 4 zuwa birbe, wasu 3 a lise, babbar sakandare, zuwa jarrabawar bak, shekara 7 ke nan. Duk tsawon lokacin ga in zai yi jimla guda sai ya yi tunaninta da Hausa, ya juya ta Faransancin da shi ma bai gama zama ba, sannan ya sake juya ta Ingilishi. Kamar mutum ne zai tafi Illela ta Najeriya daga Tahoua, ya zo Ƙonni ga iyaka nan kusa shina hangen ta, sai ya wuce ya miƙe har Yamai sannan ya juyo. Kafin ya iso ya gaji, kayan ma rabi sun zube a hanya.

Kada wani ya ce ina zagin Faransanci, a'a. Shina da amfani babba wajen kalmomi, kuma akwai dalili, a shekarar 1066 Normandawa daga Faransa sunka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na ɗaruruwan shekaru, shi ya sa Ingilishi ya cika da kalmominsu. Yaron da ya san "nation", "important", "village", "question", "animal" ya samu waɗannan kyauta, furuci kawai zai gyara. Ɗan Kano ko ɗan Sakkwato ba shi da wannan garaɓasa. Amma garaɓasar tana da ƙaya a ciki. "Library" ba "librairie" ba ce, wurin karatu da aron littafi ne ba shagon saida su ba. "Actually" ba "actuellement" ba ne, "a gaskiya" ke nan, ba "yanzu" ba. "To attend" halarta ne, ba jira ba kamar "attendre". Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce "pass", bara wani yaro ya rubuto mini a WhatsApp tun kafin a fara gyaran takardu wai "Sir, I passed my exam yesterday", na yi ta murna ina sa mishi albarka kafin in tuna sakamako bai fito ba, ashe "passer un examen" yake nufi, ya zauna jarrabawa. A Ingilishi in ka ce "pass" to ka ci ta ne, zama kuwa "take" ko "sit". Irin waɗannan muna da shafi guda nasu a bayan kaye, mun sa mishi suna shafin mayaudara, duk wadda munka kama sai mu rubuta ta can.

Kuma yanzu maganar ta wuce ta maki kawai. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. To in haka ne ai Hausa da Ingilishi ya kamata su san juna kai tsaye ba sai da ɗan aike a tsakani ba. Mu nan Ader, yankin Tahoua, ma ba sai an gaya muna amfanin Ingilishi ba, wa ke da gidan da ba ɗan ci-rani? Wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Legas da Akara, 'yan kasuwarmu kullum suna bisa hanyar Sakkwato da Kano, takardar magani da ta injin ban ruwa da ta salula duk da Ingilishi suke zuwa.

Bari in nuna muku wuraren da Hausa ke kama hannun yaro, don nan ne zancen ya fi yi mini daɗi.

Abin da ke wahal da yara tun siziyam shi ne bambancin "I eat" da "I am eating". Faransanci "je mange" ne duka biyun, to yaro ya rasa mi ya sa anka raba su, sai ya yi ta haddace doka ba tare da ya ji ta a jikinai ba. Amma mu fa muna da su. Ina cin tuwo, yanzu ke nan, hannuna na cikin akushi. Nakan ci tuwo, al'adata ke nan, ko da yanzu ba shi nike ci ba. Ranar da na fara rubuta wannan a tabulo, "nakan" gefe guda "ina" gefe guda, na ce kowa ya ba ni jimla biyu a kan mahaifinai, wani ya ce Baba yakan tafi gona amma yau shina kwance, munka mai da ita "My father goes to the farm, but today he is lying down", kuma daga nan munka kama ɗan "s" ɗin nan na "goes" da kowa ke mantawa, na ce musu shi da ita ne kawai masu jela, ni da kai da mu da su ba mu da ita. Har yau in wani ya ce "he go" sai ka ji sauran sun ce ina jelar? Ba cewa nike Hausa da Ingilishi sun yi daidai ɗari bisa ɗari ba, mu mukan ce ina zuwa lakwal kullum, da "ina" ɗin, Bature kuwa "I go" zai ce, amma ƙofar ta buɗe, yaro ya gane akwai abu biyu, saura gyara.

Haka sifa. Farar mota, baƙin doki, sabon gida, tsohuwar riga, sifa gaba suna baya, "white car", "black horse", "new house". Faransanci ne ke cewa "voiture blanche", shi ke sa yaro ya rubuta "car white". Haka "ka taɓa zuwa Agadas?" shi ne "have you ever been to Agadez?", ban taɓa ba "I have never", ban ci ba tukuna "I have not eaten yet". Lokacin aikatau ɗin nan mai "have" da yaran lise ke jin tsoro kamar dodo, in ka shigo mishi ta "taɓa" da "tukuna" da "riga" sai ka ga ya yi laushi.

Sai furuci, nan kam har haushi nike ji. Bahaushe da ke cewa hannu, hanci, hula, haƙuri tun safe har dare, ya zo kilas ya kasa cewa "house", ya ce "aus", don an koya mishi a Faransanci cewa harafin h ba a furta shi. Sai ka ji yaro shina son ya ce yunwa yake ji, "hungry", ya ce "angry", wato ya yi fushi. Na kan sa su su ɗora tafin hannu gaban baki su ce hula, su ji iska, sannan su ce "hot", "hand", "hungry", iskar nan dai ita ce. Minti biyar ya isa. Dogon wasali da gajere ma muna da su, dafa abinci daban dafa kafaɗa daban, ko da rubutunsu guda ne kunnenmu na rabewa. To kunnen da ya raba waɗannan zai raba "live" da "leave", "ship" da "sheep", "full" da "fool", in dai an nuna mishi cewa abin da ya saba ne.

Amma gaskiya ɗaya ce, Hausar ma tana da ramukanta, kuma gara yaro ya san inda suke. Mu komi ko shi ne ko ita, mota ita, gida shi, babu na uku, to sai ka ji "the car, she is new", dole a yi ta nanata "it" har ya zauna. Mukan ce littafi uku, akuya biyar, ba mu damu da jam'i ba in lamba ta zo, sai yaro ya rubuta "three book". Shekaru kuwa Hausa da Faransanci sun haɗa baki sun kada shi, ina da shekara 15, "j'ai 15 ans", sai ya ce "I have 15 years", alhali "I am 15" ne. Ina nan tun safe ma haka, "I am here since morning" ke fitowa maimakon "I have been here". Ga p da f, mu da ko f ɗin ma h muke mai da ita, tahi, hwara, littahi, sai "pull" da "full" su zama abu guda, wannan kam sai da takarda gaban leɓe, in ka ce p daidai takardar za ta motsa. Ga kuma wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, "school" ta koma sukul, "bread" ta koma burodi, wanda dama can daga nan burodin namu ya fito.

Wanda ya fi duka faɗi shi ne manyan aikatau ɗinmu guda uku, ci da sha da ji. Mu muna cin tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci kokowa, mu ci bashi, mu ci amana. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha iska, mu sha wahala. Muna jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji Hausa. A Ingilishi kowane da kalmarsa, magani "take", wari "smell", sanyi "feel", harshe "understand", kokowa "win". Wani dare sati biyu da sunka wuce mun kwashe awa guda cur a kan "ci" kaɗai, na rubuta ta tsakiyar tabulo yara na jefo mini abin da ake ci, har Inna da ke zaune can gefe tana jan tasbaha ta jefo muna "cin fuska" da "cin kasuwa", munka yi ta neman yadda za a faɗe su. Daren nan yara sun tafi da kalmomi sun fi goma sha biyar kuma na tabbata sun fi zama a kansu bisa waɗanda ake jerawa a tabulo a ce a kwafe. Wannan ne ya sa ban yarda da haddar kalma tsirara ba, kalma guda gefe fassararta gefe. Kalma da abokan tafiyarta ake riƙe ta, kada ka riƙe "medicine" kawai, riƙe "take medicine", kada ka riƙe "homework" kawai, riƙe "do my homework", "make a mistake", "catch a cold", in ka tashi magana sai su fito a haɗe kamar goro da ganyensa.

To yaya muke yi a aikace, don na san akwai iyaye da yayye da za su so su gwada a gida. Kowane yaro shina da ƙaramin kaye daban da na lakwal. Kalma biyar a rana, ba ƙari, kuma kowace sai ta shiga jimlar da ta shafi rayuwarsa, ban karɓar jimlar dusar ƙanƙara ko jirgin ƙasa, ina son in ji albasar Galmi, rijiya, kabu-kabu, awakin gidanku, layin famfo. Mun fara ne da kalmomin da ke cikin bakinmu tuntuni ba mu san na Ingilishi ne ba, na tura su garejin bakin hanya sunka dawo da taya, birki, giya, sitiyari, injin, direba, makaniki, wasu sunka kawo tela, kafinta, birkila, lebura, soja, likita, 'yan mata sunka kawo bokiti, kofi, tebur, siket, hankici, cingam. Munka zauna muna mai da kowace gidansu, birkila "bricklayer", hankici "handkerchief", cingam "chewing gum". Wani ƙaramin yaro ɗan sankiyam, aji na biyu na sakandare, ya ƙirga ya ce Mushe ashe na san kalma talatin ban sani ba, ka ga fuskar yaron nan lokacin, ni dai ba ni mantawa.

Ranar Lahadi da kasuwar Tahoua ke ci, wanda duk anka aika cefane sai ya dawo ya ba mu labari da Ingilishi, mi ya saya, nawa, wa ya gani. Nan ne shuɗaɗɗen lokaci ke fitowa da kansa, "I went", "I bought", "I saw", "I paid", kuma nan ne muke haɗuwa da abin da yara ke kira barb iregilye, aikatau marasa bin doka, waɗanda ake ba su jeri guda tun daga a har z a ce su haddace. Ni ban ba su haka. Na farko ina kwantar musu da hankali, in ce wa ya koya muku cewa jam'in akuya awaki ne, na doki dawaki, na mace mata, na mutum mutane, na gida gidaje? Akwai doka guda da ta haɗa su? Babu, ji kunka yi har ya zauna, kuma Baturen da ke koyon Hausa kuka yake da jam'inmu kamar yadda kuke kuka da "go, went, gone". Na biyu muna tara su dangi dangi bisa amonsu, "sing sang sung", "drink drank drunk", "begin began begun" gida guda, "buy bought", "bring brought", "think thought", "teach taught" gida guda, sai 'yan ba ruwanmu da ba su canzawa, "cut", "put", "shut", "hit". 'Yan mata sun sa musu tafi irin na gaɗa, in sun fara har yaran unguwa da ba su shiga lakwal ba suna amsawa. Ba a buƙatar duka, in yaro ya riƙe kamar hamsin da ake amfani da su kullum ya isa ya yi birbe hankali kwance ya kuma yi hira.

Doka guda ce a zauren kuma ba na sassauta ta, ba a yi ma wanda ya yi kure dariyar wulaƙanci. Dariya irin ta matatta da kowa ya yi har da mai maganar ba laifi, amma ta nuna yatsa a'a. Don abin da ke rufe bakin yaranmu ba rashin sani ba ne kaɗai, kunya ce da tsoron a ce kana iyayi, musamman 'yan mata. Akwai wata ɗiyar maƙwabtanmu, wata biyu tana zuwa ba ta taɓa buɗe baki ba, rubutunta kuwa ya fi na kowa tsabta, garamer ɗinta ba ka samun abin gyara. Sai na ce ma kowa ya riƙa aiko mini da saƙon murya na minti guda ta WhatsApp a wayar gidansu, ya faɗi abin da ya yi yau. Nata ya fara zuwa da sakan 12, murya can ƙasa kamar mai tsoron tada barci. Yanzu tana cika minti biyu, kuma satin da ya wuce ita ta gyara ma wani yaro "she don't" a gaban kowa. Saƙon murya shina da wani amfanin, yaro na jin kansa, sau da yawa kafin in amsa sai ga wani saƙon, Mushe yi haƙuri "went" zan ce ba "go" ba.

Masu salula mai intanet sukan tambaye ni batun manhajoji. Ba ni hana su, akwai darussan BBC Learning English a YouTube masu kyau ƙwarai ga ɗan lise, Google Translate ma shina da Hausa, amma na kan ce a tambaye shi kalma, kada a ba shi dabuwar gaba ɗaya, don ranar jarrabawa ba shi shiga ɗaki da kai. Mafi yawan yarana ma ba su da wayar kansu, kuma kuɗin haɗin intanet ba wasa ba ne ga gidan da ke lissafin tiyar hatsi, shi ya sa duk abin da muke yi na tsara shi yadda kaye da bik da baki sun wadatar.

In na ce laifin malamai ne na yi ƙarya kuma na zalunci abokan aikina. Ajina na siziyam yara sun haura 80, wasu uku uku a tebur wasu a ƙasa, littafi guda mutum huɗu ko biyar na leƙe. In awa guda gare ka ko da ba ka ce uffan ba ka bar musu ita duka, kowa bai samu minti guda na magana ba. To mi malami zai yi, sai ya cika tabulo su kwafe, ya ba da jimloli masu giɓi a cike, ya gyara da jan bik, ga porogaram na bin shi a baya dole a gama kafin ƙarshen shekara. Haka ake samun ɗan tarminal, ajin ƙarshe na lise, da zai juya maka jimla daga "active" zuwa "passive" ba kure ko ɗaya amma in baƙo ya ce mishi "where is the market?" sai gumi. Abin da nike roƙon 'yan uwana malamai shi ne kaɗan, in ka ga doka ta ƙi shiga, kada ka ji nauyin faɗin jimla guda da Hausa, ko da harshen da yaron ke ji, ka nuna mishi inda tasa ta yi kama da wagga da inda sunka rabu, sannan ka koma Ingilishi. Mu an horar da mu a kan cewa harshen gida ba shi shiga kilas, wasunmu ma sun sha sambol a firamare don sun yi Hausa, abin nan da ake rataya ma yaro a wuya, to nauyin na nan a zukatanmu har yau. Ni ma na daɗe kafin in saki jiki, ranar farko da na rubuta "nakan" a tabulon lakwal sai da na waiga ƙofa.

Wani dattijo mahaifin ɗaya daga cikin yaran, ɗan kasuwa ne mai kai albasa kudu, ya tare ni bayan sallar isha'i ya ce Malam, ni ban yi boko ba amma ina jin Ingilishin tasha, na iya ciniki har Legas, yaron ga nawa shekara biyar shina karatu ban taɓa jin ya yi magana ba, anya? Na ce Alhaji ga shawara, in kun zauna cin tuwo ka riƙa yi mishi naka na tasha, shi kuma ya mai da maka da na littafi, kai ka ba shi ƙarfin hali shi ya ba ka garamer. Ya yi dariya ya ce to a gwada. Yanzu yaron kan zo da tambayoyi masu daɗi, Mushe Baba ya ce "I dey come", a littafi yaya ake cewa? Mushe Baba ya ce "borrow me your pen", daidai ne? Sai mu zauna mu warware, mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow", kuma in gaya mishi na Baba ba ƙarya ba ne, harshen kasuwa ne da miliyoyin mutane ke yi a Najeriya, wurinsa daban na takardar jarrabawa daban, ka riƙe duka biyun ka san inda za ka fidda kowane.

Jiya da dare ɗiyar yayata ta dawo da kayen, malaminsu ya ba ta 16 bisa 20. Ta ce Kawu saura "since" da "for", su ma akwai su a Hausa? Na ce je ki tambayi Inna tun yaushe take gidan ga, kuma shekara nawa ke nan, ki kawo mini amsa biyun yadda ta faɗe su ba ki canza komi ba. Ta ruga ciki, muna jiyo Inna tana cewa tun shekarar da anka yi babbar yunwa, ke kuma mi ya kawo wannan tambaya da daren ga. Ta fito tana maimaitawa a baki kada ta manta, ta ɗauki alli, ta rubuta "tun" a hagu, ta ja layi, ta tsaya tana jiran yaron da ke riƙe da tocila ya matso kusa.